Ƙarar Naira Miliyan 50 Kan Karayar Ƙafa: Nazarin Wata Shari'ar Neman Diyya a Sakkwato

Lamarin da wannan nazari ya ƙunsa ya shafi mutum uku: wani ɗan kabu-kabu, wato mai haya da babur, mazaunin Mabera mai mata ɗaya da 'ya'ya biyu, da wani ɗan kasuwar albasa da za a riƙa kira Alhaji a nan, da direban motarsa ƙirar a-kori-kura. An sakaya sunayensu domin dukkansu suna raye kuma ana ganinsu a gari. Na san ɓangarorin biyu, kuma ina cikin waɗanda suka zauna sulhun da ya rufe maganar, saboda haka abin da zan kawo ya fito ne daga takardun da aka shimfiɗa a gabanmu da kuma bakin mutanen da abin ya shafa.

Haɗarin ya auku a kakar albasa, 'yan watanni kafin a cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Motar ta taso daga wajen Goronyo da buhunan albasa fiye da ƙima, ta shigo gari da la'asar sakaliya, direban yana sauri domin ya riski masu saukar da kaya kafin magariba. A kan hanyar da ta bi ta gefen kasuwar Kara, ɗan kabu-kabun ya hango fasinja a ɗaya tsallaken, sai ya yanko titi ya bi hannun da ba nasa ba domin ya riga wani abokin sana'arsa. Direban ya taka birki, motar ba ta tsaya ba sai da ta tunkuɗe babur ɗin, ƙafar hagu ta matashin ta shiga tsakanin babur da kwalta, ƙashin ƙwaurinsa ya karye gida biyu. Zanen wurin haɗari da 'yan sanda suka yi ya nuna babur ɗin a hannun da bai kamata ba, rahoton jami'an duba lafiyar motoci kuma ya nuna birkin motar ya yi rauni, lodin da ke kanta ya wuce abin da za ta iya tsayawa da shi. Tun daga ranar farko ke nan laifi ya rabu biyu, kuma duk wanda ya karanta takardun nan biyu da zuciya ɗaya zai ga haka.

A kwanakin farko Alhaji ya yi abin da ake tsammani daga mutumin kirki. Ya je asibiti da kansa, ya biya kuɗin hoton ƙashi da magunguna da gado, wanda ya kai kimanin Naira 120,000, ya kuma karɓi belin direbansa. Abin ya fara karkacewa ne ranar da likita ya ce karayar ba ta filasta ba ce, sai an yi aiki an sa ƙarfe, aka kuma ƙiyasta kuɗin a kan Naira 450,000. Daga ranar Alhaji ya fara jan ƙafa, yau ya ce yana Illela, gobe ya ce albasa ta faɗi. A ɓangaren dangin mai rauni kuma akwai tsohon tsoron nan na cewa wanda ya yarda aka shiga da shi ɗakin tiyata da karaya zai fito ba ƙafa. Rashin kuɗi da tsoro suka haɗu, baffansa ya sa hannu a takardar fitar da majinyaci ba da yardar likita ba, aka kai shi wurin mai ɗori a wani ƙauye.

Bayan mako biyu aka yi zama a zauren mai unguwa, kuma a ganina a wannan zaure aka shuka duk abin da aka girba daga baya. Dattawa suka yi nasiha, aka ce ƙaddara ta, Musulmi ɗan'uwan Musulmi ne, kai ƙara ba halin gidan mutunci ba ne. Alhaji ya ce, "Ranka shi daɗe, wanga yaro ɗana na, abin da Allah Ya hukunta ba mai hana shi." Ya ajiye Naira 50,000 na sannu, baffan ya karɓa ya yi godiya, aka shafa fatiha. Ba a rubuta komai ba, ba a tambayi wanda ke kwance ko ya yafe ba, kuma ba wanda ya tsaya ya lissafa abin da iyalinsa za su ci a watannin da ba zai hau babur ba.

Ya kamata a tsaya a nan, domin kuskure ne da ake maimaitawa a garin nan da sunan addini. Imani da ƙaddara wajibi ne, amma ba ya sauke lamuni daga wuyan wanda ɓarna ta auku ta hannunsa. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta yi magana a kan kisan kuskure, wanda babu niyya a cikinsa ko kaɗan, amma duk da haka ta wajabta diyya a miƙa ga iyalan mamacin, sai fa idan su ne suka yafe. Yafiya haƙƙin wanda aka cuta ce, shi ke bayar da ita da zaɓinsa. Idan aka tara manya a kan talaka aka rufe masa baki da kunya, abin da aka samu shiru ne kawai, kuma shirun da aka samu ta haka ba ya daɗewa.

Matashin ya yi wata shida bai nemi ko sisi ba. Babur ɗin da yake hawa ba nasa ba ne, na wani ma'aikaci ne da yake kai wa balas kullum, kuma shi ma bai jira ba, ya gyara abinsa ya ba wani. Matarsa ta sayar da gadonta da 'yan kwanukanta, bashin mai shago ya taru, aka cire babban yaron daga makarantar kuɗi. Da aka kwance ɗori sai ƙashin ya kama a karkace, ƙafar ta ɗan gajarce, ya tashi da ɗingishi. A cikin wannan hali ya dogara sanda ya je wurin Alhaji a kasuwa, aka bar shi tsaye a rana, daga ƙarshe yaron shago ya fito da Naira 5,000 ya miƙa masa a gaban mutane. Abin da ya faɗa a wurin ya yaɗu a kasuwar: "Ku gaya ma Alhaji ni ba bara niz zo yi ba, haƙƙina nika biɗa." Ya ajiye kuɗin a kan buhu ya tafi. Duk wanda zai yi hukunci a kan ƙarar da ta biyo baya, ya dace ya fara da wannan rana, domin har zuwa lokacin mutumin nan bai nemi abin da ya wuce gyaran ƙafarsa da abincin 'ya'yansa ba.

Wanda ya canza masa lissafi wani ɗan unguwarsu ne mai yini a harabar kotu yana shirya wa mutane takardun rantsuwa yana karɓar kamasho. Shi ne ya nuna masa wani ɗan bidiyo a waya da ke ba da labarin wata tsohuwa a Amurka da kofi ya zube mata a cinya, kotu ta ba ta kusan dala miliyan uku. Ya ce masa idan ruwan zafi ya kawo wannan, to ƙafa sukutum nawa za ta kawo? Ya kai shi wurin wani lauya, aka yi yarjejeniya cewa ba zai biya komai a farko ba, lauya zai ɗauki kashi ɗaya cikin uku na duk abin da aka samu. Irin wannan yarjejeniya ba haramun ba ce a ƙa'idojin aikin lauya a Najeriya muddin ba ta wuce hankali ba, amma ƙa'idojin nan sun hana lauya farautar waɗanda suka ji rauni ko biyan wani ya kawo masa su, kuma abin da ɗan kamashon ya yi ya yi kusa da wannan iyaka ƙwarai.

Labarin tsohuwar gaskiya ne, sai dai an gutsure shi, kuma gutsurarren ne ke yawo a duniya a matsayin misalin ƙarar banza. Sunanta Stella Liebeck, shekarunta 79 lokacin da abin ya faru a watan Fabrairun 1992 a birnin Albuquerque na jihar New Mexico. Tana zaune a motar jikanta, motar a tsaye, ta buɗe murfin kofin da ta saya a gidan abinci na McDonald's sai ya kife mata. Kamfanin yana ajiye kofinsa da zafin da ya kai digiri 82 zuwa 88 a ma'aunin Salshiyos, zafin da ke cinye fata cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ta samu ƙuna mafi tsanani a kashi 6 cikin 100 na jikinta, ta kwana takwas a asibiti, aka yi mata dashen fata. Abin da ta fara nema dala 20,000 ne domin kuɗin magani da asarar da ta biyo baya, kamfanin ya ce dala 800 zai bayar. A gaban kotu a 1994 aka nuna cewa kamfanin ya samu koke fiye da 700 na ƙuna cikin shekara goma bai rage zafin ba. Mutanen garin da aka zaunar su yanke hukunci suka ba ta dala 200,000, suka cire kashi 20 cikin 100 saboda nata sakacin ya koma 160,000, sannan suka ɗora wa kamfanin tarar horo ta dala miliyan 2.7. Alƙali ya sassabe tarar zuwa dala 480,000, daga bisani ɓangarorin suka sasanta a asirce. Wato matar ta fara da ƙaramar buƙata mai hujja, ta zo da likitoci da takardun kamfanin kansa, kuma ko ita ba ta karɓi adadin da ake yayatawa ba. Ɗan kamashon ya ɗauki adadin ya bar hujjar. Bai kuma gaya wa matashin cewa a kotunanmu alƙali ne shi kaɗai ke yanke irin wannan hukunci ba, ko cewa tarar horo ba a bayar da ita a dokarmu sai a ƙayyadaddun yanayi da haɗarin mota na sakaci ba kasafai yake shiga cikinsu ba.

Da wasiƙar lauya ta isa hannun Alhaji sai hankalinsa ya tashi, ya aiko da tayin Naira 600,000 a rufe magana. A lokacin wannan kuɗi zai biya aikin gyaran ƙashin, ya rage wani abu na bashi. Matashin ya so ya karɓa, matarsa ma ta roƙe shi, amma aka ce masa wanda ya fito da 600,000 tun ba a shiga kotu ba zai fito da miliyoyi idan ya ga sammaci. Aka mayar da tayin, aka shigar da ƙara a Babbar Kotun Jiha ana neman Naira miliyan 50 daga direban da Alhaji tare.

Zaɓen kotun ba a banza aka yi shi ba. Dukkansu Musulmi ne, kuma kotunan shari'ar Musulunci suna nan a jihar tun bayan faɗaɗa aiki da shari'a a shekarar 2000, ga su kusa, ga sauƙin kuɗi, ga Hausa ana yi. Amma a fiƙihun Malikiyya lamunin rauni yana hawa kan wanda abin hawa yake hannunsa, kamar yadda Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan garin nan, ta ce mai kora dabba da mai janta da mahayinta su ke lamunce abin da ta taka. Direban kuwa ba shi da komai. A dokar da muka gada daga Ingila, ubangida yana ɗaukar alhakin sakacin yaronsa idan ya auku a bakin aiki, kuma ta wannan ƙofa kaɗai za a kai ga aljihun Alhaji. Ban ga aibi ga neman wannan ƙofa ba, domin Alhaji ne ya ɗora lodin kuma shi ya bar motar da mataccen birki. Aibin yana cikin abin da aka rubuta a takardar ƙarar.

An nemi Naira miliyan 25 a matsayin abin da zai samu nan gaba da bai nakasa ba, bisa da'awar cewa yana samun 15,000 a kullum. An nemi miliyan 15 na raɗaɗi da ɓacin rai, da miliyan 5 saboda wai haɗarin ya wargaza shirinsa na ƙara aure. An nemi miliyan 3.2 na magani, sannan miliyan 1.8 na sabon babur da babbar waya da tsabar kuɗin da aka ce sun ɓace daga aljihunsa a wurin haɗarin. Matashin ya shaida mana daga baya cewa bai san da rabin waɗannan ba sai da aka karanta su a kotu aka fassara masa, kuma na yarda da shi, domin takardar da Turanci take, shi kuwa allo ya yi. Amma ya sa hannu a takardar shaidarsa bisa rantsuwa, kuma doka ba ta raba mutum da abin da ya rantse a kai.

Dokar diyya a kotunan Najeriya ta kasa abin da ake nema gida biyu. Akwai asarar da ake iya ƙirgawa, kamar kuɗin asibiti da gyaran abin hawa da kuɗin shigar da aka rasa kafin shari'a, kuma wannan dole ne a zayyana ta ɗaya bayan ɗaya a kuma tabbatar da ita da ƙwaƙƙwarar hujja. Akwai kuma wadda ba ta ƙirguwa, kamar raɗaɗi da nakasa, wadda alƙali ke kimantawa da hankalinsa yana duban girman raunin da abin da kotuna suka saba bayarwa a makamancinsa. Mai ƙara yana iya rubuta duk adadin da ya ga dama, amma rubutawar ba ta ɗaure alƙali da komai. Abin da babban adadi yake jawowa shi ne ya sa wanda ake ƙara ya ɗauki gogaggen lauya ya tsaya da gaske, kuma haka Alhaji ya yi.

Ranar da matashin ya shiga akwatin shaida, lauyan Alhaji bai taɓa maganar karayar ba, domin ya san gaskiya ce. Ya fara da babur, ya nuna takardun mallaka masu ɗauke da sunan wani mutum dabam, ya kuma sa matashin ya amsa da bakinsa cewa babur ɗin tsoho ne kuma an gyara shi yana kan titi. Ya koma kan kuɗin shiga, ya tambaye shi nawa ne balas, nawa ne mai, nawa ke saura, lissafi ya tsaya a kan kimanin Naira 3,000 a rana mai kyau. Sai ya zo kan rasiɗan magani, waɗanda ɗan kamashon ya samo daga wani kantin magani, ya nuna wa kotu cewa lambobinsu a jere suke ɗaya bayan ɗaya alhali kwanan watan da ke kansu ya ratsa wata biyar, kuma wasu magungunan da aka rubuta ba su da alaƙa da ƙashi. Maganar ƙarin aure kuwa ba a samu ko mutum ɗaya da zai ce an kai gaisuwa gidan wata ba. Kafin a tashi daga zaman, mutumin da ya shigo da karyayyar ƙafa ta gaskiya ya zama wanda ba a yarda da kalmarsa ko a kan abin da ya faru da shi da gaske. Wannan ita ce ɓarna mafi girma da ƙarin gishiri ya yi masa, domin rasiɗan asibiti na ainihi da asarar wata shida ta ainihi sun nutse tare da na ƙarya.

Sauran abubuwa biyu suka ƙara raunana shi. Zanen 'yan sanda ya tabbatar da nasa sakacin, kuma doka ta ba alƙali ikon rage diyya gwargwadon kason laifin mai ƙara, kamar dai yadda aka rage wa tsohuwar Amurka. Sannan ga takardar da baffansa ya sa wa hannu, wadda lauyan Alhaji ya riƙe yana cewa ɗingishin aikin mai ɗori ne, mota karaya kawai ta yi. A nan ina ganin matashin yana da amsa mai ƙarfi, wato cewa ya bar asibiti ne bayan wanda ya kaɗe shi ya janye hannu daga biyan kuɗin aikin, kuma talaka da aka bari ba shi da wata hanya. Amma wannan amsa tana bukatar alƙali ya gaskata mai faɗinta, kuma an riga an ƙona wannan gaskatawar a kan babur da rasiɗai.

Shari'ar ta ɗauki fiye da shekara biyu, yawanci saboda neman ɗagewa daga lauyoyin ɓangarorin biyu. Da lauyan matashin ya ga inda aka dosa sai zuwansa ya ragu, ya riƙa turo ƙaramin lauya, ɗan kamashon kuma ya daina ɗaga waya.

A zaman sulhu na biyu, wanda limamin unguwa ya kira bayan matar matashin ta kai kuka gidansa, wani daga dangi ya kawo hujjar da ta cancanci a amsa ta da kyau. Ya ce miliyan 50 ba ta yi yawa ba, tunda a Musulunci diyyar ƙafa ɗaya rabin diyyar rai ce. Maganarsa tana da tushe. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, wanda ya kai kimanin kilo 4.25, kuma a farashin zinariya na yanzu rabin wannan ya zarce miliyan 50 nesa ba kusa ba. Shari'a ba ta arha da jikin ɗan Adam: yatsa ɗaya raƙuma 10 ne, haƙori ɗaya raƙuma 5. Amma limamin ya warware masa cewa rabin diyya na ƙafar da aka yanke ce ko wadda amfaninta ya tafi gaba ɗaya. Karayar ƙwauri ba ta da ƙayyadadden adadi. Ƙa'idar Malikiyya ita ce ba a kimanta rauni sai bayan ya warke. Idan ya warke ba tare da aibi ba babu wani adadi da aka yanka, ko da yake malamai irin su Ibn Arafa sun kyautata a ɗora wa mai laifi ladan likita da kuɗin magani. Idan kuma ya warke da aibi, alƙali ne zai kimanta gwargwadon abin da ya ragu, da taimakon masana. Ya ƙara da cewa abin da ya kai sulusin diyya dangin mai laifi na wajen uba ne ke haɗuwa su biya a hankali, abin da bai kai ba kuma yana cikin dukiyar mai laifin. Sannan ya karanto hadisin Ibn Abbas da kowane ɗalibin Arba'una ya haddace, cewa da za a ba mutane bisa da'awarsu kawai, da wasu sun yi da'awar dukiyoyin mutane da jinanensu, amma hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan bayani shi ne ya nuna matashin yana da haƙƙi babba wanda ba a taɓa auna shi ba. Ƙafarsa ta warke da aibi na dindindin. Da lauyansa ya kashe ƙarfinsa wajen kai shi gaban likitan ƙashi, a auna gajartar ƙafar, a rubuta kashi nawa na amfaninta ya tafi, a kira likitan ya ba da shaida, da yana da ƙara mai tsayuwa a kowace kotu, ta Musulunci ko ta zamani, kuma abin da zai samu zai iya wuce tayin farko sosai ko bayan an cire nasa kason laifin. A cikin takardun ƙarar miliyan 50 babu rahoton likita ko ɗaya a kan nakasar. An ɓata shafuka a kan auren da ba a nema ba, an bar ƙafar da kowa ke gani.

Akwai kuma batun inshora, wanda da ya tsaya daidai da wataƙila ba a kai ga kotu ba. Doka ta wajabta wa kowane abin hawa inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, kuma daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga Naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga abin da za a iya biya na ɓarnar dukiya daga miliyan 1 zuwa miliyan 3, ban da rauni da rai waɗanda su ma tana ɗauke da su. Alhaji yana da takarda a motarsa, amma da aka bincika sai aka tarar ta bogi ce, irin wadda 'yan tsakani ke haɗa wa mutum tare da sauran takardun mota domin a nuna wa jami'an hanya. Bai san ta bogi ba ce, kuma bai taɓa tunanin takardar tana da wani amfani da ya wuce shingen bincike ba. Masu ƙyamar inshora saboda shubuhar addini suna da takaful, wanda aka gina a kan taimakekeniya kuma hukumar ta ba shi lasisi, amma Alhaji bai taɓa jin sunansa ba sai a zauren liman.

A ƙarshe aka sasanta a kan Naira 800,000, aka rubuta, kowa ya sa hannu gaban shaidu, lauyoyi suka kai takardar kotu aka rufe ƙarar. Alhaji ya ce abin da ya kashe a kan nasa lauyan ya kusa wannan adadi, kuma da ya san haka da ya biya kuɗin aikin tun ranar da likita ya faɗa. Ya nemi gafarar matashin a kan abin da ya faru a kasuwa, matashin ya ce, "Baba Alhaji, ya wuce," shi ma ya nemi gafara a kan abin da aka rubuta da sunansa. Direban, wanda aka sallama daga aiki tun watan farko kuma ba wanda ya sake tambayar halin da yake ciki, bai halarci zaman ba, an ce ya koma lodin yashi.

Daga cikin 800,000 lauya ya ɗauki kasonsa na ɗaya cikin uku, bashin mai shago da na kuɗin zirga-zirgar kotu suka ci fiye da 200,000. Abin da ya rage bai kai 350,000 ba, bayan hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100 a 2024 kuma kuɗin aikin asibiti ya tashi. Likitan ƙashin da ya duba shi bayan sulhun ya ce gyara yana yiwuwa, amma yanzu sai an sake karya ƙashin an daidaita shi kafin a sa ƙarfe, aikin da ya fi na farko wuya da tsada, kuma kuɗin da ke hannunsa ba su kai rabin abin da ake nema ba. Ya sa su a 'yar rumfar cajin waya da sayar da kati a bakin titin unguwarsu, domin ƙafar ba ta jure yinin babur.